Yadda ake hulɗa da hukumar gunduma a Amurka: jagora ga sababbin zuwa Greensboro

Duk wanda ya sauka Greensboro daga Maraɗi, Damagaram, Yamai ko Kano, 'yan'uwa kan nuna masa wurin neman aiki, da masallaci, da shagon da ake samun garin tuwo da daddawa. Abin da ba a cika yi masa bayani ba shi ne hukumar gunduma, alhali yawancin takardun da zai buƙata a shekarunsa na farko a hannunta suke. Na daɗe ina raka mutanenmu ofisoshi ina yi musu tafinta, kuma abin da na fi gani yana ba su wahala guda biyu ne: rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, da ƙin buɗe wasiƙa.

Hukuma a nan hawa-hawa ce. Takardun zama da katin Social Security, wato lambar da ake aiki da biyan haraji da ita, na gwamnatin tarayya ne, gunduma ba ruwanta da su. Lasisin tuƙi da lambar mota na jiha ne, ofishin DMV ake zuwa. Ruwan famfo, kwashe shara, motocin bas da 'yan sandan cikin gari na hukumar birnin Greensboro ne. Sauran kuwa, wato takardar haihuwa, ta aure, ta mutuwa, allurar rigakafi, tallafin abinci da na asibiti, harajin gida, gidan yari, da shirya zaɓe, duk na gunduma ne. Jiharmu, Karolina ta Arewa, tana da gundumomi 100. Tamu, Guilford, ita ce ta uku a yawan jama'a, ƙidayar 2020 ta ba ta mutum sama da 540,000, kuma ta haɗa Greensboro da High Point. Kwamishinoni tara da jama'a suka zaɓa ne ke riƙe da ita, su ke ɗaukar manajan da ke gudanar da aikin yau da kullum. Wanda ke zaune a wata jiha kada ya ɗauka tsarin ɗaya ne. A Bronx hukumar birnin New York ce ke yin kusan komai, a Connecticut ma babu gwamnatin gunduma sam.

To, ɗan'uwa, kafin komai ka san cewa gunduma da wasiƙa take magana. Ba mai unguwa da zai aiko yaro ya kira ka, ba sanarwa bayan sallar Juma'a. Ambulan ne fari zai shigo akwatinka tare da tarin tallace-tallacen kantuna, a cikinsa akwai ranar da aka ɗibar maka. Ranar nan in ta wuce, ta wuce. Na taɓa zama a falon wani bawan Allah da aka yanke wa 'ya'yansa katin asibiti, yana ta rantsuwa ba wanda ya sanar da shi. Muka jawo ledar da yake tara wasiƙu a bayan talabijin, sai ga takardar sabunta rajista a ciki, ko yage bakinta ba a yi ba. Don haka duk ambulan da ke ɗauke da sunan Guilford County, ka buɗe shi a ranar. In ba ka gane Turancin ba, ɗauki hotonsa da waya ka tura wa wanda ya iya, ka ce ya fara nemo maka kwanan watan da ke ciki. In ka sauya gida, ka sanar da gidan waya, da kowane ofishin da ke da fayil ɗinka. Hukumar shige da fice ma kwana 10 kacal ta ba baƙo ya sanar da ita sabon adireshi.

Ofishin da za ka fi yawan takawa shi ne Register of Deeds, ofishin rajistar takardu na gunduma, a titin West Market cikin tsakiyar gari, akwai reshensa a High Point. In an yi maka haihuwa a gundumar, nan za ka karɓi takardar haihuwa mai hatimi, dala 10 kowace kwafi a yanzu. Ka sayi biyu ko uku, domin fasfo zai nema, makaranta za ta nema. Amma aikin tun daga asibiti yake farawa, kuma nan muke cin karo da al'adarmu. Mu sai ranar bakwai ake raɗa suna, su kuma ma'aikatan asibiti so suke a cike takarda kafin a sallami mai jego. Shawarata, ku tsayar da suna tsakaninku tun kafin naƙuda, a rubuta shi a asibiti, ragon suna da taron jama'a su zo a ranarsu. Sannan ka duba harafi ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu. Uba ɗan Nijar fasfonsa na cewa Mahamadou, ma'aikaciya ta ji da kunne ta rubuta Muhammad, ko uwa Aichatou ta koma Aisha. Gyaran wannan daga baya sai an bi ta ofishin jiha a Raleigh, babban birnin jihar, da kuɗi da dogon jira. Miƙa musu fasfo su kwafa, kada ka faɗa da baki.

Aure ma nan ne. Ango da amarya su nemi lasisin aure, dala 60, yana aiki kwana 60. Za a nemi katin shaida da lambar Social Security, wanda bai cancanci samun lambar ba akwai takardar rantsuwa da yake cikewa. Liman na iya ɗaura auren ya sa hannu tare da shaidu biyu, sai a mayar da takardar ofis cikin kwana 10. Da yawa cikinmu a masallaci suke tsayawa: an ba da sadaki, an yi fatiha, an raba goro da dabino, shi ke nan. A addini aure ya ɗauru. Amma ranar da matar za ta nemi shiga inshorar mijin, ko a zo maganar takardun zama ko gado, ba ta da abin nunawa. Ni a ganina waliyyin da ya bari aka ɗaura auren 'yarsa a ƙasar nan ba lasisi bai kyauta mata ba. Takardar mutuwa ita ma a ofishin nan ake karɓa, masu gidan jana'iza ne ke shigar da ita, kuma ba a rufe asusun banki ko kai gawa gida sai da ita.

Sashen lafiya da walwalar jama'a gida biyu ne a Greensboro. Na titin Wendover shi ne na allurar yara, awon ciki, gwajin tarin fuka, da shirin WIC mai ba mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar madara, ƙwai da sauran abinci. Na titin Maple kuma nan ake neman Medicaid, wato katin asibiti na masu ƙaramin ƙarfi, da katin abinci, ko ka cike ta intanet a shafin jiha mai suna ePASS. Tun 1 ga Disamba 2023 jihar ta faɗaɗa Medicaid ya haɗa da manya masu ƙaramin albashi, saboda haka wanda aka hana a da yana iya sake gwadawa. Ka tafi da takardun albashinka na baya-bayan nan, da yarjejeniyar haya, da takardun kowa a gidan. Da ka isa teburin karɓar baƙi ka ce kana son tafinta na Hausa ko Faransanci, sukan kira ta waya, ba ka biyan ko sisi. Kada ka sa ɗanka ɗan shekara goma ya fassara wa uwarsa maganar likitan mata, abin kunya ne gare su duka, kuma yaro rabin maganar zai haɗiye. Abu ɗaya dai: wane baƙo ne ya cancanci wane tallafi, da yadda karɓarsa zai shafi takardun zamansa, dokar tarayya ce, kuma tana yawan sauyawa. Wannan tambayar lauyan shige da fice ake yi wa, ba 'yan majalisar shayi ba.

Makaranta ba ta da wuyar sha'ani. Yaron da ya cika shekara biyar zuwa 31 ga Agusta zai shiga ajin farko. Ana neman shaidar adireshi, takardar haihuwa, da katin allura, kuma kwana 30 ake bayarwa daga ranar da ya fara a kawo shaidar allura da ta duba lafiya, in ba haka ba a dakatar da shi. Katin rigakafin da kuka zo da shi daga gida, ko da na Faransanci ne, ku kai shi Wendover su duba abin da ya rage. Ba a korar yaro don iyayensa ba su da takardu, Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1982. Ga yaran da suka zo ba Turanci, akwai makarantar sababbin zuwa ta Doris Henderson.

Sai haraji. Mai mota yana biyan harajin gunduma a haɗe da kuɗin sabunta lambar motarsa, takarda ɗaya ce take zuwa sau ɗaya a shekara. Mai gida kuwa takardarsa a lokacin zafi na ƙasar nan take zuwa, ranar biya 1 ga Satumba, amma ana ɗaga ƙafa har 5 ga Janairu. Daga 6 ga wata sai a ɗora kashi 2 cikin ɗari, kowane wata kuma a ƙara. In da bashin banki ka sayi gidan, galibi bankin ne ke biya daga abin da yake karɓa wurinka duk wata, amma ka shiga shafin ofishin haraji ka tabbatar da idonka. Dattijon da ya kai 65, ko mai naƙasa, in abin da yake samu bai wuce iyakar da aka sa ba, ana rage masa, sai dai ya nema kafin 1 ga Yuni. Ba wanda zai zo ya tuna masa.

Hajiyoyinmu masu sayar da abinci, ku saurara. Dafa tuwo, dambu ko masa a kicin ɗin gida ana sayarwa ba izini, in ƙorafi ya kai ga jami'an duba tsafta na gunduma, za su tsayar da sana'ar. Su ne ke ba gidajen abinci makin nan da kuke gani a manne kusa da ƙofa, A daga 90 zuwa sama, wanda ya gaza 70 a rufe shi. Kafin ki kama hayar shago ko ki sayi motar sayar da abinci, ki fara zuwa wurinsu da zanen wurin, kada ki kashe jari kan kicin ɗin da ba za su amince da shi ba. Sunan sana'a kuma a Register of Deeds ake rajistarsa.

Labarin gunduma a shafinta na intanet da na Facebook ake samunsa, kuma adireshin hukuma na gaskiya yakan ƙare da gov. Ka sa lambarka a tsarin saƙon gaggawa na gundumar don labarin guguwa, ƙanƙara da rufe hanyoyi. Abin da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, musamman mai cewa a tura wa mutum goma, a bincika tukuna. In wani ya kira ka ya ce daga ofishin sherif yake, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wai ka ƙi zuwa kotu, ka biya tara da katin kyauta na kanti ko a kama ka, kashe wayar, ɗan damfara ne. Takardar kiran zaman taya alƙali shari'a ta gaskiya ta akwatin wasiƙa take zuwa, kuma takan zo wa wanda ba ɗan ƙasa ba, tunda har daga jerin masu lasisin tuƙi ake ɗebo sunaye. Kada ka jefar, ka amsa cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne, za a cire ka. Rajistar zaɓe kuwa, in ba ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ba, ko wa ya miƙo maka fom a bakin kanti kada ka taɓa, laifi ne da ke iya jawo kora daga ƙasar.

Zaman kwamishinoni a buɗe yake ga kowa, a tsohon ginin kotu da ke titin West Market, yawanci ranar Alhamis da yamma, kuma ana nuna shi ta intanet. Shekarar kuɗin gunduma 1 ga Yuli take farawa, doka kuma ta wajabta a saurari jama'a kafin a amince da kasafi, don haka Mayu da Yuni ne lokacin magana kan kuɗin makarantu da na sashen lafiyar gunduma. Ba sai kana da katin zaɓe ba. Ka rubuta sunanka kafin a fara, za a ba ka 'yan mintuna a gaban makirfo, shi ya sa ya kamata ka rubuto abin da za ka faɗa tun daga gida, ka kuma zo da wanda zai fassara in Turancinka bai nuna ba.