Yadda zaka gane rabin wata na farko da na ƙarshe ba tare da ka duba kalanda ba

Sau biyu a kowane wata ake ganin wata ya rabu biyu cif, gefe ɗaya fari tas, ɗaya gefen kuma duhu, layin da ya raba su a miƙe. Na farko yana zuwa ne wajen daren 6 zuwa 8 ga watan Musulunci, na biyun kuma wajen 21 zuwa 23. Yawancin mutane na farkon kawai suka sani, don shi ne ake gani bayan magariba ana zaune ƙofar gida, na biyun kuwa sai mai tashin dare, ko direban da ya kwana a hanya, ko mai gadi. A hoto kamarsu ɗaya, amma in ka san abu biyu kacal, wato lokacin da ka ganshi da kuma inda farin gefen ya fuskanta, bazaka taɓa rikita su ba.

Mu fara da lokaci tunda shi yafi sauƙi. Rabin farko tun wajen tsakar rana yake fitowa daga gabas, mutane ne dai basa lura saboda hasken rana, amma in ka ɗaga kai da la'asar ka duba sama ta ɓangaren gabas zaka ganshi dishi-dishi. Ana kiran magariba ya iso tsakiyar sama, daga nan sai ya fara gangarawa yamma, wajen ƙarfe 12 na dare ya faɗi. Rabin ƙarshe kuma akasin haka ne, da magariba ko ka shekara kana nemansa babu shi, sai wajen 12 na dare yake leƙowa daga gabas, da asuba yana can sama, kuma har hantsi yana nan bai tafi ba, sai wajen tsakar rana zai faɗi a yamma. Masu zuwa tahajjud a goman ƙarshe na Ramadan sun san shi ko basu san sunansa ba, shi ne wannan rabin watan da kake tararwa ya ɗan taso daga gabas in ka fito masallaci ƙarfe ɗaya ko biyu a daren 21, 22 ko 23. Toh in ka ga rabin wata da isha'i na farko ne, in ka ganshi da safe kana hanyar kasuwa na ƙarshe ne, shikenan.

Sai maganar gefe, nan ne mutane ke ruɗewa. In ka bincika a intanet zasu ce maka rabin farko hannun dama ne ke da haske, na ƙarshe hannun hagu. Wannan maganar ta mutanen Turai da Amurka ce, su kullum kudu suke fuskanta in zasu kalli wata ya yi sama, mutumin Ostireliya kuma arewa yake fuskanta don haka shi a juye yake gani. Mu nan Kano ko Zinder ko Sakkwato muna kusa da tsakiyar duniya, Kano tana kan digiri 12 ne arewa, wata kusan ta saman kanmu yake bi, wani lokaci ya karkata kudu wani lokaci arewa. Misali rabin farko na watan Satumba ta kudu yake bi, sai ka ga hasken a damanka, amma na watan Maris ya ɗan zarce arewa da tsakiyar sama, in ka juyo ka fuskance shi hasken ya koma hagunka. Kaga kenan dama da hagu basu da amfani a wajenmu. Abinda baya canzawa shi ne farin gefen kullum rana yake kallo. Rabin farko farinsa yana kallon yamma inda rana ta faɗi, rabin ƙarshe farinsa yana kallon gabas inda zata fito.

Shi yasa ma wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, in rabin farko ya gangaro yana shirin faɗuwa, baka ganinsa a tsaye irin na hotunan littafin makaranta, kwanciya yake yi, farin a ƙasa, baƙin a sama kamar ƙwarya an ajiye ta a tsakar gida. Na ƙarshe ma in ya fito tsakar dare haka yake, farin na ƙasa, don ranar tana can ƙarƙashi tana biyo shi a baya.

Wannan abun yana da amfani fa in tafiya ta kama ka inda baka san gabas ba kuma waya ta mutu. Rabin wata da farkon dare, bi inda farin ya nuna, can ne yamma, ka juya masa baya ka fuskanci gabas. Sai dai ka tuna alƙiblarmu ta ɗan karkata arewa daga gabas ɗin. Har lokaci zaka iya kintata. Miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne a sama, shi kuma wata yana cin kusan digiri 15 a awa, wato dunƙule ɗaya da rabi. In ka auna daga inda sama ta haɗu da ƙasa a yamma zuwa watan ka samu dunƙule uku, saura kamar awa biyu ya faɗi, kana wajen ƙarfe goma kenan. Ba agogo bane, yana iya kuskure da rabin awa ko fiye, amma yafi babu.

Akwai masu cewa wai inuwar duniya ce ke rufe rabin. Ba haka bane sam. Inuwar duniya sai ranar husufi take taɓa wata, lokacin da yara ke kiɗan gwangwani ana cewa rana ta kama wata, kuma wannan sai wata ya cika yake faruwa, wajen 14 ko 15. Shi wata ƙwallo ne, kullum rabinsa na cikin rana rabinsa na cikin dare, abinda ke canzawa kawai ta wane gefe muke hangensa. A ranakun rabin wata, rana da wata sun yi kusurwar digiri 90 a tsakaninsu in ka auna daga inda kake tsaye, sai muke ganin rabin hasken rabin duhun. In kana son ka nuna wa yara da idonsu, jira ranar 7 ga wata da la'asar rana na nan wata na nan, ka ɗauki lemu ɗaya ka tsaya cikin rana, ka miƙa hannu ka saita lemun dab da watan. Dubi yadda rana ta haska lemun. Rabi haske rabi inuwa, kuma layin ya kwanta daidai yadda na watan ya kwanta. Ni a ganina wannan yafi duk wani zane da malami zai yi a allo.

Wani masani Bagirke mai suna Aristarkus, tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da rabin watan nan yayi ƙoƙarin auna nisan rana, ya samu kusurwar digiri 87 tsakanin rana da wata, ya ce rana ta ninka nisan wata sau 18 zuwa 20. Gaskiyar lissafin kusan sau 390 ne, amma dabarar daidai take, kayan aunawa ne bai samu ba.

Yaya zaka san daren da ya zama rabi cif? Layin zaka duba. In ya lotsa ciki, da saura, in ya turo ciki waje ya wuce. A rabin ƙarshe sai ka juya maganar, kafin ranar yana da tumbi, bayanta ya fara ramewa. Kar ka dage sai daren 7 dole, don zagayen gaba ɗaya kwana 29 da rabi ne, kuma tafiyar wata ba gudu ɗaya bace, wani rubu'in baya cika kwana bakwai wani ya kai takwas, ga shi kuma mu daga tsayuwar wata muke fara ƙirga, jinjirin kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu da haihuwa ake iya ganinsa. Kullum kuma fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50.

In kana da abin hangen nesa ko da ƙaramin nan ne na ido biyu, wallahi wannan ne lokacin kallo, ba daren sha huɗu ba. Ranar da ya cika rana ta haska shi gaba da gaba, babu inuwa, sai fari fat mai kashe ido. A rabi kuwa hasken ta gefe yake zuwa, ka saita kan layin nan zaka ga ramuka zagaye-zagaye cikinsu baƙi ƙirin bakinsu na sheƙi, har da ɗigon haske a cikin ɓangaren duhu, kan duwatsu ne da rana ta riga ta taɓa kafin ta isa ƙasansu. Irin abinda Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani kenan da abin hangen nesansa a 1609. Ka jingina gwiwar hannu a katanga ko saman mota don kar ya riƙa rawa. A rabin farko cikin tabon nan masu duhu akwai filin da kumbon Apollo 11, wanda ya fara kai mutane kan wata, ya sauka a 1969. Kuma kar ka zaci rabin wata rabin haske yake bayarwa, bai fi kashi ɗaya cikin goma na cikakken wata ba, saboda inuwowin nan sun cinye da yawa.

Masu ɗauka da waya, dalilin da yasa yake fito muku kamar ƙwan fitila shi ne kyamara tana auna duhun sama ne. Ɗauka tun kafin magariba sama da sauran haske, ko da safe in na ƙarshe ne, taɓa kan watan a sikirin ka ja hasken ƙasa sosai har tabon su fito. Lokacin hazo mai kauri kar ka wahalar da kanka in yana ƙasa-ƙasa, bari sai ya hau sama, da damina kuma daren da aka gama ruwa gari ya washe shi yafi ko wane dare kyau.