Kurakuran masu sayen sulallan zinariyar 'ya'yan sarautar Rum

Na gaji da ganin sababbin shiga suna faɗawa ramin da na faɗa. Ramin nan kuwa shi ne sayen zinariya ba tare da an ɗora ta a ma'auni ba.

Wani dillali ya taɓa sayar mini da sulen Nero na lokacin da yake yarima a ƙarƙashin Sarkin Rum Kalaudiyus, mai rubutun PRINC IVVENT, wato jagoran matasa. Sai da na je gida na auna, na ga giram 7.2. Da na koma, ya ce ai an san zinariyar Nero ba ta da nauyi. Na yarda, na yi shiru. Gaskiya ne Nero ya rage nauyin aureus, wato sulen zinariyar Rum, zuwa wajen giram 7.3, amma a shekara ta 64 miladiyya ya yi haka, shekara 10 bayan ya hau mulki. Sulen yarintarsa, na tsakanin 50 da 54, ya kamata ya kusanci giram 7.7. Jabu ne, zubi aka yi masa, alhali Rumawa bugawa suke yi da guduma. Daga baya na hango layin haɗin zubin a gefensa. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar nan ƙaramin ma'aunina da gilashin ƙara girma ba sa barin aljihuna, kuma gefe nake fara dubawa kafin fuska.

Na biyu, ku daina karanta suna kuna tsayawa nan! Caesar a kan waɗannan sulallan muƙamin mai jiran gado ne, ba Juliyas Kaisar ba. Karakalla kuma, tun da aka naɗa shi yarima a 196, sunan M AVR ANTONINVS ake buga masa, sai mutum ya ɗauka sulen Sarki Markus Oriliyas, wanda ya gabace shi da irin wannan suna, ya samu. Dubi fuskar mana, yaro ne ko gemu bai tsiro ba. Kada kuma ka dogara da cewa kan yarima kullum babu kambin ganye, domin Domishiyan yana da nasa tun mahaifinsa Besfasiyan na kan gado.

A sulen Gayus da Lusiyus, jikokin Sarki Agustas, kan da ke gaba na Agustas ne, yaran suna baya da garkuwa da māsu.

Kada ka goge zinariya da komai. Ka lura da tabon walda a gefe, alamar an taɓa rataya shi a sarƙa. Ni dai sulen da ba a san hannun da ya bi ba, ko nawa aka rage mini ba na saye.