Yadda za ka hana Windows sake kunna kwamfutar da ba a kashewa

Kwamfutar da ke naɗar hoton kyamarorin tsaro, da wadda ke riƙe da lissafin kantin magani sauran kwamfutocin shago suna jan bayanai daga gare ta, da wadda ke juya shirye-shiryen gidan rediyo cikin dare, duk buƙatarsu ɗaya ce: kada su tsaya ko na minti biyar ba da sanin mai su ba. Windows kuwa an gina ta ne a kan zaton kowace kwamfuta tana da lokacin hutu. Da zarar ta ɗora sabuntawa, sai ta jira tsakar dare ta kashe kanta ta sake tashi. Da safe a tarar da ita tsaye a shafin kalmar sirri, manhajar aiki ba ta buɗe ba, hoton awa shida babu shi.

Kafin ka taɓa komai, tabbatar cewa sabuntawa ce ta yi wannan aika-aikar, domin a wurarenmu sau da yawa wuta ce aka ɗauke batirin inbata ya ƙare. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta eventvwr, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka tace da lambobi uku: 1074, 41 da 6008. Lamba 1074 tana nufin wata manhaja ko wani mutum ne ya ba da umarnin kashewa, kuma za ka ga sunan wanda ya yi. Idan ka ga MoUsoCoreWorker.exe ko TrustedInstaller.exe, to sabuntawa ce. Idan 41 ko 6008 ka gani, kwamfutar mutuwar fuju'a ta yi, sau da yawa maganinta yana wajen wuta ko zafi.

Sanin lokacin da sabuntawar ke isowa rabin aikin ne. Microsoft tana fitar da facin tsaro a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 6 ko 7 na yamma a Najeriya da Nijar, gwargwadon canjin agogon da suke yi can. Saboda haka daren Talatar nan da kwana biyu ko uku da ke biye su ne lokacin haɗari. Ban da na wata-wata, akwai babban sauyi na shekara-shekara, wanda wani lokaci, kamar na 24H2, kusan sake ɗora Windows ne gaba ɗaya, kuma shi ya fi lalata direbobin na'urori (manhajojin da ke sa na'urori aiki da Windows) da tsofaffin manhajoji.

Abin da ba ya aiki

Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce a buɗe services.msc a kashe Windows Update. Tana aiki na 'yan kwanaki ne kawai. Akwai wani mai gadi a ciki mai suna Windows Update Medic Service, aikinsa ke nan ya duba ko an taɓa sassan sabuntawa ya mayar da su yadda suke. Sai ka saki jiki kana ganin ka rufe ƙofa, ita kuwa ta buɗe da kanta a daren da ba ka zata ba. Manhajojin da ake saukewa daga intanet masu alƙawarin toshe sabuntawa har abada sun fi wannan muni, domin wasunsu suna lalata izinin fayilolin tsarin, ranar da ka so yin sabuntawar da gangan sai ta ƙi.

Kuma rufewa har abada ba ita ce manufa ba. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka. A ranar 12 ga Mayu na shekarar cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutocin da ba a yi wa facin ba a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Wata biyu ne tsakani. A ɗaya gefen kuma, sabuntawar Oktoba ta 2018 ta goge fayilolin wasu mutane, har kamfanin ya janye ta bayan 'yan kwanaki. Waɗannan biyun su ke nuna tazarar da ta dace: jinkirin mako ɗaya zuwa biyu yana ba ka damar ganin ko facin ya yi wa wasu ɓarna, jinkirin wata biyu kuwa ganganci ne ga kwamfutar da ke kan intanet dare da rana.

Idan Windows ɗinka Pro ce

Danna Windows da R ka rubuta winver, ko ka duba Settings, System, About don ka ga nau'in da kake da shi. Pro, Enterprise da Education suna da Group Policy, wato wurin kafa wa Windows dokoki, kuma nan ne maganin gaske yake.

1. Danna Windows da R, rubuta gpedit.msc.
2. Bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update. A Windows 11 ka ƙara shiga Manage end user experience.
3. Buɗe Configure Automatic Updates, ka zaɓi Enabled.
4. A akwatin da ke ƙasa zaɓi lamba 2, Notify for download and auto install.
5. Buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta gpupdate /force.

Da lamba 2, Windows za ta duba ta sanar da kai akwai sabuntawa, amma ba za ta sauke ba sai ka danna. Abin da ba a sauke ba ba a ɗora shi, abin da ba a ɗora ba kuma ba ya neman a sake kunna kwamfuta. A nan ne mutane ke yin kuskure ɗaya: su ga sanarwa da rana su danna Download da niyyar su bar sauran zuwa ƙarshen mako. Karanta sunan zaɓin da kyau. Da ka danna, saukewa da ɗorawa tare suke tafiya, daga nan kwamfutar tana jiran ta fita daga lokutan aiki ne ta sake tashi. Kada ka danna sai ranar da ka shirya zama a gabanta har ta gama. Ka kuma gaya wa duk yaron shagon da ke taɓa kwamfutar.

Wanda ya fi son abin ya tafi da kansa amma a lokacin da ya sani, sai ya zaɓi lamba 4, Auto download and schedule the install, ya sa rana da awa, misali Lahadi ƙarfe 3 na dare. Ana haɗa wannan da wata doka mai suna No auto-restart with logged on users for scheduled automatic updates installations, wadda a Windows 11 take cikin Legacy Policies. Tana da sharuɗɗa biyu da ake mantawa. Da lamba 4 kaɗai take aiki. Sannan sai akwai wanda ya shiga kwamfutar a lokacin. Idan ta nesa kake shiga da Remote Desktop ka rufe tagar ka tafi, Windows ba ta lissafa ka a matsayin wanda ke ciki, za ta sake tashi abinta. Don haka ga kwamfutar da ke ajiye a lungu ba allo ba kowa, lamba 2 ta fi aminci.

Jinkirta sabuntawa kuma yana nan a Group Policy, cikin Manage updates offered from Windows Update, ko Windows Update for Business a Windows 10. Select when Quality Updates are received yana karɓar har kwana 30. Sa 7 ko 10. Na babban sauyin shekara yana karɓar har kwana 365, amma abin da ya fi shi tsafta shi ne Select the target Feature Update version: ka rubuta Windows 11 a akwatin farko, ka rubuta sigar da kake kai a na biyu, kamar 24H2. Kwamfutar za ta ci gaba da karɓar facin tsaro amma ba za ta haura zuwa sabuwar siga ba. Sai dai kowace siga ta Windows 11 Home da Pro wata 24 take yi a ƙarƙashin kulawa, idan wa'adinta ya ƙare facin ya daina zuwa, kuma Windows tana iya tura ka gaba ko ba ka so. Rubuta ranar ƙarewar a takarda ka manna a jikin kwamfutar.

Don ka ga ko dokokin sun kama, je Settings, Windows Update, Advanced options, Configured update policies. Idan ba su bayyana a nan ba, ba su kama ba.

Idan Home ce

Home ba ta da gpedit, kuma rubuta dokokin nan da hannu a Registry, wato rumbun saitunan Windows, ba abin dogaro ba ne a kanta. Abubuwa uku suka rage, sai an haɗa su. Na farko Pause updates, wanda ke kaiwa mako biyar, kwana 35. Idan wa'adin ya cika Windows za ta sauke duk abin da ya taru, don haka kada ka bari ya cika da kansa: bayan mako huɗu, a ranar da ka zaɓa, ka cire dakatarwar, ka yi sabuntawa, ka sake kunnawa, ka sake dakatarwa. Na biyu Metered connection, a Settings, Network & internet, cikin bayanan Wi-Fi ko Ethernet ɗinka; yana hana saukar yawancin sabuntawa kuma yana rage cin data, amma wasu da Microsoft ta ɗauka na gaggawa suna iya wucewa. Ka lura alamar tana bin kowane Wi-Fi ne daban, ranar da aka canza rauta ko aka jona da wayar wani, sai an sake sa ta. Na uku Active hours, lokutan da Windows ba za ta sake tashi ba. Iyakarsa awa 18, ka mayar da shi Manually ka bar awa shidan da suka rage su faɗa inda tsayawa ba ta da illa sosai. Kwamfutar da abincin mutane ya dogara da ita ta cancanci kuɗin lasisin Pro, wannan dabarun cike gurbi ne.

Masu Windows 10 su san cewa kulawar kyauta ta ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Wadda ba a yi wa rajistar shirin ƙarin facin tsaro na ESU ba ta daina samun faci, damuwarta yanzu ta koma ta rashin kariya.

Ka koya mata tashi da kanta

Duk dokar da ka sa, wata rana kwamfutar za ta mutu, ko don wuta ko don wani ya taka waya. Wannan sashen ya fi duk na sama muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Shiga BIOS, wato saitunan kwamfutar da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka nemi abin da ke cewa me za ta yi idan wuta ta dawo: a Dell sunansa AC Recovery, a HP After Power Loss, a wasu Restore on AC Power Loss. Sa shi Power On. Sannan manhajar aikin: idan tana iya gudana a matsayin service, wato mai aiki a bayan fage ko ba wanda ya shiga, sa ta Automatic. Idan ba ta iya ba, yi mata aiki a Task Scheduler mai farawa At startup, ka zaɓi Run whether user is logged on or not. Manhajar da dole sai an ga tagarta a allo, kamar ta juya sauti a rediyo, tana buƙatar shiga ta kai tsaye. Ƙaramar manhajar Autologon ta Sysinternals, wadda ta Microsoft ce, tana yin wannan, sai ka sa gajeriyar hanyar manhajar a babban fayil ɗin da ke buɗewa idan ka danna Windows da R ka rubuta shell:startup. Shiga ta kai tsaye tana nufin duk wanda ya isa gaban kwamfutar ya shiga, saboda haka ɗakin ya kasance mai makulli.

Bayan ka gama, gwada. Zare wayar wuta a lokacin da ba a aiki, ka mayar, ka naɗe hannu ka ga ko za ta kai har manhajar ta buɗe ba ka taɓa komai ba.

Duba BitLocker ma. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma sabunta BIOS ko wani faci yana iya sa ta tsaya a shuɗin allo tana neman mabuɗi mai lamba 48. Buɗe Command Prompt a matsayin admin, ka rubuta manage-bde -status ka gani. Idan a kulle take, fitar da mabuɗin ka buga a takarda tun yau.

Ranar sabuntawa

Zaɓi lokacin da wuta ta fi tabbas, batiri cike ko janareta na aiki da isasshen mai. Ɗaukewar wuta a daidai lokacin da allo ke cewa kada a kashe kwamfuta tana iya barin Windows ta kasa tashi, ƙaramin UPS mai riƙe minti goma kuwa ba lallai ya kai ƙarshen aikin ba, musamman a kwamfutar da ke da tsohon faifai mai juyawa. Kwafe bayanan aiki zuwa wani faifai na waje, ka cire shi. Tabbatar akwai sarari a faifan C, aƙalla gigabayit 20 ga babban sauyi. Rufe manhajar lissafi ta hanyarta, kada ka bar Windows ta yanke ta tana tsakiyar rubutu. Danna Download, jira, sake kunnawa da hannunka, sannan ka sake danna Check for updates, domin sau da yawa wani facin ba ya fitowa sai na farko ya zauna.

Idan abu ya lalace, Update history, Uninstall updates yana cire facin wata-wata. Lambar da ke farawa da KB ita ce sunansa. Babban sauyi kuwa kwana 10 kake da su ka koma ta Settings, System, Recovery, Go back, bayan haka Windows tana goge tsohuwar sigar. Umarnin DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:30 yana tsawaita wa'adin zuwa kwana 30, amma sai an ba da shi bayan sauyin kuma kafin kwana goman su cika. A ƙarshe buɗe Windows Security, Virus & threat protection, ka duba ranar da bayanan gano cuta suka sabunta; idan sun wuce kwana biyu ko uku, danna Check for updates a wannan shafin, shi ba ya neman a sake kunna kwamfuta.