Darasi na 14: Takardar Cefane Ranar Ruwa

Yau Asabar, watan Agusta, hadari ya haɗo ta gabas. Kafin la'asar za ku je Babbar Kasuwar Katsina cefane, ku kai gero niƙa, ku biya Ƙofar Marusa gaida Gwaggo. In ruwa ya sauko ana gudun neman mafaka, abin da ke ka zubewa yake. Saboda haka a rubuta shi.

Ku ɗauki fensir, domin tawada in ta jiƙe bajewa take. Ku ja layi a tsakiyar takarda daga sama zuwa ƙasa. Sunan kaya a hagu, kuɗinsa a dama. Hagu shi ne hannun da ba a cin tuwo da shi. Boko daga hagu ake fara shi, ba irin rubutun allo ba ne. Kuɗin nan misali ne kawai:

gishiri 50
goron Gwaggo 500
shinkafa 5,000

Yanzu ku natsu, nan ne ake tuntuɓe. Dukansu da 5 suka fara. Sifili ne ya raba su, wato ɗan zagayen nan, 0. Ɗora yatsa a kan 5, sannan matsa dama kana ƙirgawa da baki. Sifili ɗaya, hamsin. Sifili biyu, ɗari biyar. Sifili uku, dubu biyar. Ɗan waƙafin da ke bayan 5 ba lamba ba ne, a tsallake shi.

Sake. Yatsa a kan 5. Sifili nawa? In ɗaya ne, hamsin. In biyu ne, ɗari biyar. Madalla! Hajiya, ke ma ɗora yatsan, ba kunya a nan, kowa da haka ya fara.

Fito da kuɗi daga aljihu ku gwada. Naira 50 ta leda ce, ruwa ba ya cinta, sifilinta ɗaya. Naira 500 takarda ce, sifili biyu. Babu takardar 5,000 guda. Mafi girma ita ce 1,000, sai an haɗa biyar. Ku sake ƙirga sifilin da ke jikin kowace.

Amma wasunku sai a hankali. Ido kawai ke wucewa, yatsa na aljihu. Baba, da girmanka, za ka rubuta 50 a gaban shinkafa ka aiki yaro cikin ruwa ya dawo hannu rabbana? Ko ka rubuta 5,000 a gaban gishiri? Gaggawar me ake yi? A ƙirga sifili: ɗaya hamsin, biyu ɗari biyar, uku dubu biyar. An gama, a ninke takardar a sa ta cikin leda tare da kuɗin.

Kashi na biyu: Lokaci

A ƙasan takardar rubuta: Gwaggo 4:30. Lambar hagu ƙarfe ce, ta dama minti, wato huɗu da rabi. A fita da wuri, in ruwa ya tsuge mai Keke Napep wuya yake.

Kashi na uku: Gaisuwa

Kwafi waɗannan:

Ina wuni, Gwaggo? Ya ruwa?
Ruwa ya yi gyara.

Aikin gida: kaya biyar da kuɗinsu. A zo da fensir.