Darasi na 9: Daga Bauchi zuwa Jidda, awa nawa ne a jirgi?

To ɗalibai, yau lissafin tafiya za mu yi, kuma tambayar daga cikin aji ta fito. Wata baiwar Allah 'yar ajinmu ce ta ce, "Malam, maigidana ya tashi ƙarfe 10 na dare, ya kira ya ce sun sauka ƙarfe 4 da rabi na asuba, kenan awa 6 da rabi suka yi a sama ko?" Na ce a'a Hajiya, agogo ne ya yi miki wayo.

Bari mu faro daga nisa. Daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum zuwa Jidda, in an miƙe santal babu kwana, wajen kilomita 3,400 ne. In kana so ka ji nauyin wannan lamba, Bauchi zuwa Gombe kilomita 150 da ɗoriya ne, wato sai ka jera wannan tafiyar sau 22 kafin ka kai Jidda, kuma fa akwai Bahar Maliya a gaba wanda ba direban da zai tsallaka maka shi.

Babban jirgi in ya daidaita a sama yana cin kamar kilomita 800 a awa ɗaya. Sai mu raba nisa da gudu:

3,400 ÷ 800 = awa 4 da kwata

Ƙara ɗan lokacin tashi da na sauka, don jirgi baya fara gudunsa tun daga ƙasa, sai ka samu awa 4 da rabi ko kusan 5.

To ina sauran awa 2 ɗin Hajiya suka shiga? Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, saboda suna gabas da mu, rana tana riga fito musu. In ƙarfe 12 ta yi a unguwar Wunti a nan Bauchi, a Makka ƙarfe 2 ce. Lokacin da maigidanta ya ce 4 da rabi, a nan Bauchi 2 da rabi ne na dare. Daga 10 zuwa 2 da rabi kuwa awa 4 da rabi ne cif. Haka tikiti ma yake, lokacin sauka da agogon garin da za ka sauka ake rubuta shi, don haka kar ka ga dawowa ta yi gajarta a takarda ka ɗauka jirgin dawowa ya fi gudu, awa 2 ɗin ne aka maido maka.

Amma fa jirgi ba kullum yake miƙewa ba. Hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu sai da jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Ta wannan Chadi da Sudan ɗin dai kakanninmu suka bi a ƙafa da jakuna, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna ƙwadago kafin su ga teku.

Aikin gida, a rubuta a littafi a kawo ranar Asabar:

1. Jirgi ya tashi daga Bauchi ƙarfe 8 na safe, ya yi awa 5 a sama. Ƙarfe nawa agogon Jidda zai nuna in ya sauka?
2. Ɗanka ya kira daga Madina ƙarfe 9 na dare a agogonsu. Ƙarfe nawa ne a Azare?