Yadda za ka kafa soson sitidiyo a ɗakin haya ba tare da ka ɓata bangon mai gida ba

Da yawa daga cikin masu rikodin a gida yanzu, mawaƙa ne ko masu karanta littafi suna ɗorawa a YouTube ko masu fodkas, a ɗakin haya suke ko a gidan iyaye, kuma da zarar mutum ya sayo soson nan mai tsage-tsage na rage amon murya abu na farko da yake yi shi ne ya nemo gam ya shafa a bayansa ya danna a bango. Don Allah kar ka yi haka. Ranar da za ka cire, rabin soson ne zai biyo hannunka rabi ya tsaya a bango, in ka kankare fenti ya taso, wani lokacin har da filasta, kai da mai gida kuma sai an kai ga kiran dattawan unguwa.

Dabarar guda ɗaya ce kuma duk sauran bayanin a kanta yake: gam ya tsaya tsakanin soso da wani allo mara nauyi, shi allon ne za ka rataya. Kar gam ya taɓa bango.

Dalili kuwa shi soson nan duk ƙofofi ne, iska ta fi yawa a cikinsa, shi ya sa ma yake shanye sauti, to tef mai fuska biyu in ka liƙa masa kai tsaye ba ya samun wajen kamawa sosai, yau ya zauna gobe da asuba ka tarar da shi a ƙasa. Amma in ka manna shi a kwali ko falanki siriri ka samu baya mai santsi wanda komai zai kama.

Kafin nan, in a matse ya zo maka cikin leda kamar yadda ake aiko shi daga Chana, buɗe shi ka baza ya kwana ɗaya ko biyu ya kumbura. Wanda ya ƙi tashi a tsoma shi a ruwa a matse a shanya a inuwa, sai ya bushe ƙarau tukuna, in ba haka ba gam ba zai kama ba kuma ɗakin zai yi ta warin damshi.

Allon kuwa ya danganta da aljihunka. Mafi araha kwali, irin mai kauri na firji ko talabijin, masu shagon kayan wuta suna da shi jibge. Sai allon roba mai haƙarƙari a ciki wanda masu buga fosta da allon talla suke amfani da shi, ni shi na fi so don ruwa ba ya cinsa kuma ba ya lanƙwashewa da damina kamar kwali. Sai filawud siriri, ya fi ƙarko amma ya fi nauyi. Filawud guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8, ka ce wa kafinta ya raba maka gida huɗu, kowanne ƙafa 2 a ƙafa 4, shi kuma soson yawanci santimita 30 a 30 yake zuwa wato kusan ƙafa ɗaya, ka ga kenan kowane allo zai ɗauki guda 8 cif. Ka jera su ɗaya tsagarsa a tsaye na kusa da shi a kwance, ya fi kyan gani a bidiyo.

Wajen mannawa gam na fesawa ya fi, irin su Super 77 na kamfanin 3M in ka samu, in babu to gam ɗin masu gyaran takalmi irin Evo-Stik yana yi. Yadda ake yi: ka shafa kaɗan a allon, ka shafa kaɗan a bayan soson ta gefe-gefe da tsakiya, kar ka haɗa nan take, ka jira sai ya fara bushewa yadda in ka taɓa da yatsa za ka ji yana ɗan kama ka amma bai biyo yatsan ba, sannan ka ɗora ka danna da tafin hannu. Ka daidaita da kyau tun farko don in ya kama ya kama kenan, babu matsarwa. A tsakar gida za ka yi wannan aikin ba a ɗaki a rufe ba, warinsa yana hawa kai kuma yana kama wuta. Ka gwada a ɗan guntu ɗaya tukuna don wani gam ɗin yana cinye wani soson. Sufa gulu kuma ka manta da shi, tsotse shi soson yake ya sandare ya karye.

To yanzu ratayewa, nan ne bidiyon Turawa suke rikita mutane. Za ka ga bature ya ɗauko allura mai kan T ya soka soso a bango da babban yatsa shikenan ya gama, e mana, bangonsu a Amurka yawanci allon jifsam ne mai laushi. Namu bulo ne da siminti, allurar lanƙwashewa za ta yi. Sai dai in silin ɗinka na kwali ne mai laushi ko kana da bangon katako, nan kam allura ta yi kuma ƙofar da take bari ba a ma gani.

Sai Command strips, wato 'yan guntayen tef masu gam da ake rataye hoto da su a bango, su ma na 3M ne, an yi su ne don a cire ba tare da fenti ya taso ba, kuma suna aiki in an bi ƙa'ida: ka goge wajen da sifirit na kemis ba da sabulu ba, ya bushe, ka manna ka danne daƙiƙa 30, ka bar shi awa ɗaya kafin ka ɗora masa nauyi, in kuma sabon fenti ne a jira kwana 7. Amma akwai abu biyu da suke ba shi matsala a wajenmu. Na farko zafi, kamfanin da kansa ya ce iyakarsa wajen digiri 40 ne, alhali ɗaki mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana kai nan cikin sauƙi, gam ya yi laushi allo ya fara zamewa a hankali, wata rana kana tsakiyar ɗaukar murya ka ji tim a bayanka. Na biyu fenti. Shafa tafin hannunka a bangon, in ka ga farin gari a hannunka to fentin nan mai arha ne ko farar ƙasa, duk abin da ka liƙa a kan garin yake zaune ba a kan bango ba. In fentin mai ne mai sheƙi, ko tayil, ko ƙofar ƙarfe ko jikin sif, to bismillah, guda huɗu a kusurwoyin allon kwali ko na roba sun isa. Haka Velcro, wato maɗaurin nan mai kama juna irin na takalmin yara, wanda yake da gam a baya, amma shi gam ɗinsa ba don cirewa aka yi ba, ka sa shi a jikin katakonka kawai kar ka sa a fenti.

Shi ya sa a irin bangonmu ni na fi yarda da rataya a kan liƙi. Ƙusar kankare ƙarama guda biyu a sama, ka huda allon ka zura igiya ko waya, ka rataye shi kamar kalanda. Ranar tashi ka zare ƙusa ka cike ramin da ɗan foti, da wuya mai gida ya ɗaga murya a kan wannan. In allunan da yawa ne, buga dogon katako siriri ɗaya a kwance can sama da ƙusa uku, ka jera ƙugiyoyi a jikinsa, sai ka riƙa ratayewa kana matsarwa yadda kake so. Wannan yana da wata riba ma da mutane ba su lura da ita ba, in akwai ɗan tazara tsakanin abin da ke shanye sauti da bango yana ƙara kama sauti mai kauri, amma fa sai in iska na ratsa bayan, wato a maimakon allo rufaffe ka sa kafinta ya yi maka firam ka ja yadi ko raga a bayansa ka ɗinke soson a jiki da zare da babbar allura. Ɗinkin nan ma ba gam ko ɗigo, kuma za ka iya warwarewa ka sake amfani da soson lafiya lau.

Wanda aka hana shi buga ko ƙusa ɗaya, ya haɗa firam mai ƙafa da bututun roba na masu famfo da gwiwoyinsa, kar ya sa musu gam, ya rataya allunan a jiki ya tsayar a bayansa da gefensa lokacin rikodin, in ya gama ya kwance ya tura ƙarƙashin gado. Ko ya jingina allunan kawai a kan tebur. Sandar labule ma tana ɗaukar na kwali.

Kuma ba sai ka lulluɓe ɗakin gaba ɗaya ba, asarar kuɗi ce, muryar ma sai ta fito a shaƙe. In kana sauraren aikinka ta sifika, zauna inda kake zama, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango sifika a ciki nan ne wajen allo. In murya kawai kake ɗauka ka fi ba bangon da ke bayanka muhimmanci, don nan ne makirfon yake kallo. Ka tafa hannu ka saurara, ka matsar, ka sake tafawa. Sannan ka sani soson nan amon cikin ɗaki kawai yake ragewa, ba zai tare maka ƙarar janareton maƙwabci ko hon ɗin 'yan adaidaita ba, wannan aikin bango mai kauri ne da toshe ƙofa da taga.

Wuta kuma ba wasa, irin wannan soson in ya kama yana ci da sauri hayaƙinsa kuma guba ne, gobarar wani gidan rawa a jihar Rhode Island ta Amurka a 2003 da ta kashe mutum 100 daga soson bango ta ruru. Kar ka rufe soket da shi, ka nisanta shi da ƙwan fitila mai zafi, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turaren wuta.

Ranar cirewa, in Command ne kar ka fizgo shi ta wajenka, ɗaga allon ka cire, sai ka kama ɗan harshen da ya leƙo ka ja shi ƙasa a hankali yana bin jikin bango, zai yi ta miƙewa har ya saki. In harshen ya tsinke, ɗumama wajen da diraya ta gashi ka zura zare mai ƙarfi ta baya ka riƙa ja hagu da dama kana yin ƙasa, ragowar gam ɗin ka murza da yatsa ya dunƙule ya fita. Allunan kuma ka haɗa su biyu-biyu soso na kallon soso ka ɗaure sako-sako, kar a ɗora musu kaya a mota don in tsagar ta kwanta da daɗewa ba kowane lokaci take tashi ba.