Masu tirela mai birkin faifai, ku duba kalifa

'Yan uwa direbobi da kanikawa, sau da yawa matsalar birkin faifai a tirela daga kalifa take farawa, wato ƙarfen da ke matse faifai in an taka birki. Kalifa tana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu da roba ta rufe. Da zarar robar ta yage, ƙura da ruwan damina su shiga, ƙusa ta yi tsatsa, kalifa ta ƙage. Sai ka ga fad (abin da ke gogar faifai) na gefe ɗaya ya cinye, ɗayan yana nan kamar sabo, tayar kuma tana ɗaukar zafi.

Gwajin ba wuya. A sa waigi a tayoyi, a ɗaga aksil, a saki birki, a cire taya, sannan a tura kalifa da hannu ciki da waje. In ba ta motsa ba, a canza ƙusoshin da robobinsu gaba ɗaya. Shafa giris kawai ba ya magani.

A birkin iska na kamfanin Knorr-Bremse mai taya inci 22.5, in kaurin fad ya sauka zuwa milimita 2 a cire shi. Kaurin sabon faifai milimita 45 ne, in ya sauka zuwa 37 ya gama aiki. Tsagewar da ta ratsa faifai har baki ma haka. Fad kuwa a canza na aksil duka, hagu da dama, don kada tirela ta riƙa ja gefe.

A gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, a sauko da ƙaramar giya. Don Allah kada a watsa wa faifai mai zafi ruwa, tsagewa yake yi. Tankin iska kuma a zubar da ruwansa kullum.